Switch 2 ta fito, in sayar da tsohuwar?

Ɗan'uwa, ka ce ko ka sayar da Switch ɗinka, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, tunda Switch 2 ta fito a Yunin 2025. Ni dai da ka dakata. Sabuwar tana karɓar yawancin wasannin tsohuwar, don haka waɗanda ka tara ba su zama asara ba. Kuɗin na'urar ne ke sauka, leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, ka gani.

Abin da ke kashe tsohuwa shi ne kamfani ya janye hannu. Haka Nintendo ta yi wa 3DS, wata tsohuwar na'urarta ta wasa: ta rufe kantinta na intanet a Maris 2023, wasa ta intanet ya tsaya a Afrilun 2024. Tawa 3DS ɗin tana nan Jidda, ƙanena ke bugawa bayan la'asar, batirin dai sai a hankali.