Kiɗan metal a filin Allah: tikiti, taɓo, kunne da sauran tambayoyinku

Duk shekara da zafi ya fara shigowa nan Turai sai saƙonni su fara zuwa min kan bukukuwan kiɗa na fili, irin waɗanda ake kwana uku huɗu a tanti. A da ƴanmu basu cika tambaya kan rok da metal, wato kiɗan jita da ganga mai tsananin ƙara, ba amma bana har guda huɗu na samu, toh na haɗa su waje ɗaya tunda ni dai na taka irin wuraren nan da ƙafata.

Tambaya: Salam Yaya. Ni ɗalibi ne a Hamburg, shekarata ɗaya da rabi. Ƴan ajinmu Jamusawa sun matsa min in bi su bikin kiɗan metal na Wacken, wai akwai tikiti ɗaya da ya rage a hannunsu, kuɗin ya haura yuro 300 ni kuma ɗan aikin sito nake yi. Ina son kiɗan tun ina gida amma ban taɓa kwana a tanti ba. In saya? In na saya me kuma zan tanada?

Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in fara faɗa maka inda za ka je ɗin. Wacken, su suna kiransa kamar Vaken, ɗan ƙauye ne na manoma da makiyayan shanu a jihar Schleswig-Holstein, mutanen cikinsa wajen dubu biyu ne kacal. A 1990 wasu samarin garin biyu, Thomas Jensen da Holger Hübner, suka fara bikin da ƴan kallo kusan 800, yanzu kuwa tikiti 85,000 ake sayarwa, ana yinsa ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Tikitin 2024 yuro 333 aka sa masa kuma cikin awa huɗu da rabi ya ƙare ƙaf. Kaga kenan abokanka ba ƙarya suke ba in sun ce dama ce ta faɗo maka. Daga Hamburg ma ba nisa, jirgin ƙasa zuwa Itzehoe sai bas ɗin da ake tanada na bikin ya ƙarasa da kai.

Amma abinda nake so ka riƙe shi ne kuɗin tikiti ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Filin da ake bikin makiyaya ce, ciyawa ce a kan ƙasa mai laushi, kuma arewacin Jamus ka san yadda ruwa yake, baya sallama. In aka yi ruwa kwana biyu sannan mutum dubu tamanin suka tattaka wajen, caɓin da ake samu wlh sai wanda ya gani, har ƙauri ƙafa ke nutsewa. A 2023 abin ya kai ga masu bikin suka dakatar da shigowa gaba ɗaya, kusan mutum 61,000 ne suka samu shiga, sauran da tikitinsu a hannu aka ce su koma gida za a mayar musu da kuɗinsu, motoci kuwa taraktocin manoma ne suka dinga janyo su ɗaya bayan ɗaya. Shi yasa abu na farko da za ka saya shi ne takalmin ruwa na roba mai tsawo, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka saboda safa mai kauri, safa kuma ka kai guda shida ko bakwai ka zuba su a leda ka ɗaure. Farin kambas ɗinka ka barshi a gida. Sai rigar ruwa ta gaske mai hula, lema ba ta da amfani a cikin cunkoso kuma galibi ba a barin shiga da ita gaban dandamali.

Tanti shi ne inda mutane suke tafka kuskure. Akwai masu arha ɗin nan da ake jefawa su buɗe da kansu, yawancinsu shafi ɗaya ne, numfashinka kaɗai ya isa ya jiƙa cikin kafin asuba balle ruwan sama. Ka nemi mai shafi biyu, ka duba lambar jure ruwa da ake rubutawa a jiki, in ta kai milimita 3000 ka samu mai kyau. Kai kaɗai ne amma ka ɗauki na mutum biyu saboda jakarka ma ciki za ta kwana. Ni da nine kai ba zan sayi sabo ba, Jamusawa da yawa suna da tanti a ɗakin ajiya, ka tambayi abokan nan naka kai tsaye ba kunya, in babu ka duba na hannu a Kleinanzeigen, shafin da ake sayar da kayan hannu a Jamus, ka kafa shi sau ɗaya a lambu kafin tafiya dan kar ka je kana kokawa da sanduna cikin duhu. Jakar barci da ƴar katifar shimfiɗa dole ne, ko da rana ta yi zafi dare yana sanyi sosai kuma ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikin mutum. Fawabank, tocila, ledojin shara manya. Kwalbar gilashi an hana, kar ka ɗauko.

Kuɗi a ciki ana lodawa ne a kan abin hannun da za a ɗaura maka a ƙofa, da shi kake biya, kuma abinda ke sa kuɗin ya zurare kenan dan baka ganin yana fita. Abincin ciki da tsada. Ka taho da gyaɗa, dabino, burodi, kifin gwangwani, garin kwaki in kana da shi, ka sayi mai zafi sau ɗaya a rana. Ni a lissafina ka ware kamar yuro 200 bayan tikiti in za ka ari tanti. In haɗa wannan zai taɓa kuɗin haya ko na inshorar lafiya toh ka haƙura bana, bikin nan shekara talatin da ɗoriya ana yinsa, baɗi ma yana nan. In kuma kuɗin ka ne na gefe, ka je, amma ka zauna da abokin a canza tikitin zuwa hannunka ta shafin bikin yadda ƙa'idarsu ta ce kafin ka bashi ko sisi.

Tambaya: Yaya dan Allah abin toshe kunne da ake cewa a saya, ba ɓarnar kuɗi bane? Mutum ya biya dan ya ji kiɗa sannan ya toshe kunne?

Ba ɓarna bane ko kaɗan, na ma fi damuwa da shi fiye da duk kayan da na lissafa a sama. Ana auna ƙara da desibel. Kunne yana ɗaukar 85 na tsawon awa takwas, duk ƙarin uku kuma sai lokacin ya rabe biyu, in aka kai 100 abinda ya rage maka kamar minti goma sha biyar ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce wuraren kiɗa kar su wuce 100, wato nan ne ake tsayawa, kai kuma za ka yi awa goma a rana a gaban lasifika masu tsawon bene. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in suka mutu basa tsirowa. Na san masu fama da ƙarar nan ta ziiii da bata ɗaukewa dare da rana, ba abin wasa bane.

Iri biyu ne. Na soso masu araha suna karewa sosai sai dai suna dusashe sautin, ka ji kamar kana cikin ruwa. Masu matata a ciki, na makaɗa, suna rage ƙarar ne kawai su bar maka jita da ganga tsaf, kuɗinsu wajen yuro 15 zuwa 30. Su za ka saya, ka ƙara na soso a aljihu saboda ɓacewa da kuma barci, dan sansanin baya yin shiru.

Tambaya: Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leicester, ina sa hijabi. Ƙawayena na wajen aiki za su Download kuma suna so in je. Ina tsoron cunkoso, ina tunanin sallah da abinci, kuma ban san yadda za a kalle ni ba. In sayi na duk kwanakin ko na kwana ɗaya?

Ƙanwata na kwana ɗaya za ki saya, ban ma yi dogon tunani ba. Donington Park, filin da ake bikin Download ɗin, a Leicestershire ɗinku yake, dab da filin jirgin East Midlands, kina iya zuwa da safe ki kwana a gadonki, ba tanti ba layin banɗaki da asuba. Tun 2003 ake yin Download a wajen a watan Yuni, kafin nan wani bikin ne mai suna Monsters of Rock tun 1980. Taɓo kuwa su ma suna da nasu, na 2016 da na 2024 har yau ana zancensu, dan haka maganar takalmi ta shafe ki.

Zan gaya miki abinda za ki tarar ba ɓoye-ɓoye. Giya tana ko'ina, a Wacken ma a 2017 har bututu suka binne a ƙasa na janyo ta. Za ki ga shiga iri-iri, hotunan ƙoƙon kai, kuma akwai ƙungiyoyi musamman ɓangaren da ake ce wa black metal da waƙoƙinsu ke taɓa addini kai tsaye. Hukuncin kiɗa da zama a irin wajen nan na malamai ne da zuciyarki, in kina jin nauyinsa a ranki kar ki bari kunyar ƙawaye ta kai ki. In kin yanke zuwa, ki ɗauki jerin masu wasa ki duba su tun a gida, dandamali ya fi ɗaya, ki zaɓi wanda za ki tsaya wa da wanda za ki bar wajen.

Maganar kallo, za a kalle ki kaɗan dan baƙar fata mai hijabi ba ta da yawa a can, amma ni abinda na gani ƴan metal duk da baƙaƙen kaya da dogon gashi mutane ne masu kula da na kusa da su. Kuma ba ke ce farau ba, ƴan matan nan uku na Indonesiya, Voice of Baceprot, da hijabinsu suka hau dandamalin Wacken a 2022 sannan na bikin Glastonbury na Ingila a 2024.

Sallah da sauƙi a Yuni tunda rana bata faɗuwa sai bayan tara na dare, lokacin azahar da la'asar yana da faɗi. Ki tafi da ƴar dadduma mai leda a ƙasa da gorar roba, akwai famfunan ruwan sha kyauta, ki nemi gefe can bayan fili wata ƙawarki ta tsaya miki. Abinci ki tsaya a falafel, mai kama da ƙosai, da na ganye, tsiran alade ya yi yawa a rumfuna kuma a wasu kasko ɗaya ake soya komai.

Cunkoso kuma tsoronki yana kan hanya. A filin nan na Donington a 1988 mutum biyu suka rasu a turmutsutsu, a Roskilde ta Denmark a 2000 mutum tara. Tun daga nan an gyara tsari sosai, ana raba fili da shingaye. Gaba-gaba ne matasa ke buɗe da'ira suna ture juna, ƙa'idarsu wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, amma ke ba ruwanki da can. Ki tsaya gefe ko daidai rumfar masu saita sauti, a nan ne ma kiɗan ya fi daɗi. In kika ji ba kya iya ɗaga hannu ki fara zamewa ta gefe, kar ki yi kokawa da igiyar mutane, kuma ku sa wajen haɗuwa tun da farko dan netwok yana ɗaukewa.

Tambaya: Malam ni daga Kano nake. Wani a Facebook yace zai sayar min da tikitin Hellfest a rabin kuɗi, kuma yace da tikitin za a bani biza. In tura?

Kar ka tura ɗan'uwa. Hellfest bikin metal ne da ake yi a Clisson kusa da Nantes a Faransa, tun 2006, kuma tikitinsa ƙarewa yake da wuri mutane na rububi, wa zai ba ka a rabin kuɗi? Hoton tikiti ana iya sayar wa mutum ashirin, wanda ya fara isa ƙofa shi kaɗai zai shiga. Suna da dandalinsu na sake sayarwa, ta nan kawai ake bi.

Biza kuma tikiti baya bayar da ita. Bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, yuro 90 ce tun 2024, za su nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, takardar banki, masauki, da shaidar cewa kana da abinda zai dawo da kai gida, kuma in an hana ka ba a mayar da kuɗin. In da gaske kake ka fara duba fasfo da asusunka, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, ka nemi ranar ganawa da wuri. Shi kuma mutumin Facebook ɗin ka toshe shi ka kai rahoton shafin nasa.