Abin da ya sa ake killace awakin magani

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka karanta cewa a gonakin da ake kiwon awaki don haɗa magani daga madararsu, al'adar masu aikin ita ce ba a shan madarar, ba a shigo da baƙuwar dabba, kuma akuya ta ɗan yi ciwo sai a zubar da abin da aka tatsa. Kana tambaya ko tsananin ƙa'ida ne kawai. Ba haka ba ne. Abin da ake cirowa daga wannan madara ta jijiya yake shiga jikin marar lafiya, kuma daga nan kowace ƙa'ida ta samo asali.

Bari ka fara ganin yadda ake samun dabbar. Ana ɗaukar ƙwayar gadon ɗan Adam mai sa jiki ya ƙera furotin ɗin da ake so, a haɗa ta da wani yanki na ƙwayar gadon furotin ɗin madara, kamar kasin. Wannan yanki shi ne makunni, ba ya aiki sai a cikin hantsa, lokacin shayarwa. Sai a cusa haɗin da siririyar allura cikin ƙwan da ya ɗauki ciki, a dasa shi a mahaifar wata akuya. Kaɗan ne cikin ɗari na 'ya'yan da aka haifa suke ɗauke da ƙwayar, shi ya sa daga baya aka koma ga gyara ƙwayar halitta a ɗakin gwaji tukuna, sannan a kwafi dabba daga gare ta. Haka aka yi tunkiya Polly a Sikotilan a 1997.

Ko an samu mai ɗauke da ita, ba a gama ba. Ƙwayar takan sauka a wurin da ba ta aiki sosai, madara ta zo da furotin kaɗan. Cikin akuya kwana 150 ne, ga jiran ta balaga, don haka akan ba ƙaramar akuya sinadarin da zai sa ta kawo madara da wuri a auna. Wadda ta yi kyau ita ce uwar garke, kuma ta hanyar barbara ake yaɗa zuriyarta. Kowace dabba da lambarta da tarihin iyayenta. Baƙon bunsuru guda zai rikita wannan lissafi gaba ɗaya.

Babban dalilin killacewa kuwa cuta ce. Tumaki da awaki suna da wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira sikirefi, wadda abin da ke jawo ta ba ya mutuwa da dafuwar yau da kullum. Tunda kashe shi yana da wuya, sai a hana shi shigowa: garke a rufe, ba a ba su abincin da aka haɗa da nama ko ƙashin dabba, likitan dabbobi yana duba su a kai a kai. Ciwon hantsa ma haka. Idan hantsa ta kumbura, ƙwayoyin cuta da sinadaran da ke yayyanka furotin suna ƙaruwa a madara, sai a zubar. Wadda aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ma ana ware madararta har maganin ya fita daga jikinta.

Batun sha kuwa, madarar ba abinci ba ce a idon doka, kayan haɗa magani ce, kuma ba a yarda ita ko naman dabbar su shiga kasuwa ba. Ko da mutum ya sha, ba zai warke ba, domin ciki zai narkar da furotin ɗin kamar kowane abinci. Sai an cire maiƙo, an tace kasin, an bi da ruwan ta cikin bututun da ke kama furotin ɗin shi kaɗai, an sake tacewa da matacin da ke tare ƙananan ƙwayoyin cuta, sannan a busar. A maganin ATryn na madarar akuya, wanda aka yi don hana gudajin jini ga masu ƙarancin antitorombin na gado (furotin ɗin jiki mai hana jini gudaji), sinadarin hefarin aka yi amfani da shi wajen kamawa. Turai ta amince da shi a 2006, Amurka a 2009. Ruconest kuma daga madarar zomo ake yin sa a Holan, don masu kumburin gado, Turai ta karɓe shi a 2010, Amurka a 2014.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau, domin masu yabon wannan fasaha sukan tsallake shi. Hantsar dabba ba ta manna wa furotin irin sukarin da hantar mutum ke manna masa daidai-wa-daida. Saboda haka ATryn yana saurin barin jini fiye da wanda aka ciro daga jinin mutane, dole a riƙa ɗura shi a hankali ta ƙarin ruwa. Kuma ba kowane furotin ya dace da wannan hanya ba. An gwada sinadarin da ke ƙara jan jini a zomaye, ɗan abin da ya yoyo daga hantsa zuwa jininsu ya sa musu ciwo. A ganina duk furotin ɗin da zai cutar da dabbar, bai kamata a tilasta shi ta wannan hanya ba, akwai tankunan rainon ƙwayoyin halitta don irinsa.

Komai kyan tacewa, burbushin furotin ɗin dabbar yakan rage. Shi ya sa likita yake tambaya kafin allura: mai yin borin jini da zomo ba a ba shi Ruconest, mai yin sa da akuya ko madararta ba a ba shi ATryn.

Ka gaishe da mutanen gida.