Amsa ga mai tambaya kan nisan Kano da Jidda a jirgin sama

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Hajiyarku za ta taso daga Kano zuwa Umara, kana son sanin nisan tafiyar, kuma tikitin ya ɗaure maka kai: zuwa awa 7, komawa awa 3. Na daɗe zaune a nan Jidda ina tarbar baƙi daga gida, bari in faɗa maka abin da na sani.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 3,400 ne idan an miƙe sak. Jirgin da bai yada zango ko'ina ba yana cin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Abin da ya rikita ka agogo ne. Saudiyya ta riga Najeriya da awa 2, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da ake ciki ne. A zuwa ka cire biyu daga bakwai, a komawa ka ƙara biyu kan uku, duk biyar za ka samu.

Amma don Allah kada ka yi wa Hajiya lissafi da wannan biyar ɗin. Miƙaƙƙiyar hanyar ta sararin Chadi da Sudan take bi, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. A shekarar na je tarbar gwaggona mai ciwon suga. Ta fito ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana riƙe da silifas ɗinta a hannu, maganinta kuma yana cikin babban akwatin da aka auna. Har yau abin yana damuna, domin ni ne ban gaya mata ta sa shi a jakar hannu ba.

Saboda haka ka kira wanda ya yanka tikitin ka tambaye shi: kai tsaye ne, ko za a sauka a Addis Ababa ko Alƙahira? Idan da zango, zaman jira kaɗai yana iya fin tafiyar tsawo, kuma tsoho ba ya jure kujerar filin jirgi. Ko da kai tsaye ya fi tsada, ni shi zan zaɓar mata. Ka sa su rubuta mata keken tura tsofaffi tun yanzu, ka kuma ji a wane ɓangare za su sauka, don filin Jidda ba ƙofa ɗaya gare shi ba, ɓangaren alhazai daban yake.

Bayan sauka akwai layin biza da jiran kaya, sannan sama da awa ɗaya a mota zuwa Makka. Idan kuwa Madina za ta fara sauka, nisan ya ɗan fi, kamar kilomita 3,550, sai dai za ta huta kwanaki kafin ta ɗauki harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Ga dattijuwa na fi son wannan tsarin.

Ka turo mini ranar saukarta ta akwatin sirri, in ina gari zan raka ka. Allah Ya kawo ta lafiya.