Amsa: Lamba biyu daban a gwaji ɗaya, na'urar ce ta lalace?

'Yar'uwa, kin ce kin auna suganki sau biyu a jere, na farko ya nuna 142, na biyu 158, har kina shirin jefar da na'urar. Dakata tukuna. Shekarata tara ina huda yatsa, irin wannan ya sha faruwa da ni. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO ta 2013 ta yarda na'urar gida ta kauce wa sakamakon ɗakin gwaji da kashi 15 cikin ɗari idan suga ya kai 100. Ke nan in ainihin naki 150 ne, daga 128 zuwa 172 duk ba laifi.

Inda nake so ki sa ido shi ne tsinken gwajin, wato sitirip. A bakinsa akwai sinadarin da ke haɗuwa da sugan jini, shi na'urar ke karantawa, kuma ba ya shiri da zafi ko laima. Na taɓa barin robar tsinkayen a mota, murfin bai rufu sosai ba. Kwana uku ina ganin lambobin da suka hana ni barci, ashe tsinkayen ne suka mutu. Yanzu ina zaro ɗaya in rufe nan take, in ji ya yi ƙas. Kada ki ajiye a banɗaki, kada ki juye su a wata roba, ki duba ranar ƙarewar wa'adi. Wasu ma in an buɗe, wa'adinsu na raguwa; yana rubuce a takardar ciki, wadda yawancinmu ba ma karantawa. Kuma kowace na'ura da nata, na Accu-Chek ba ya aiki a OneTouch.

Sai hannu. Ɓare lemo kawai ki auna ba ki wanke ba, za ki ga lambar da za ta tsinka miki zuciya. Ruwa da sabulu sun isa, ki bushe shi sarai. Ki huda gefen yatsa, ya fi sauƙin zafi, kuma kada ki matse shi kamar ana tatsar nono, ruwan jiki na gaurayawa da jinin.

Abin da likitoci suka fi nema ga mai ciwon suga shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 bayan awa biyu, sai dai in naki ya sa miki wani mizani. Lambobin nan duk da ma'aunin mg/dL ne; in na'urarki da ɗaya ma'aunin, wato mmol, take nunawa, ki ninka da 18 ki samu irin waɗannan.

Wuri ɗaya ne ba na gardama da tsinke: in ya nuna ƙasa da 70, ko kina rawar jiki da gumi, ki sha abu mai zaƙi, kamar babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15. Ranar asibiti kuma ki tafi da na'urar da littafin da kike rubuta lambobin, a gwada ta da tasu.