Wayar da ba ta zafi da sirrin mahaɗarta

Sani, ka tambaye ni ko da gaske akwai wayar da wuta ke bi ba ta ko ɗumi, kuma in akwai, me ya hana a sa ta a salular da muke gyarawa a nan Ƙofar Ƙaura. Akwai ta. A 1911 wani masani ɗan Holan, Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta, wato cijewar da take yi wa wutar lantarki, ta ɓace ƙurmus. To, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wa zai riƙe maka wannan sanyi a aljihu? Sai manyan injina irin na MRI a asibiti, masu ruwan hiliyam.

Amma ka tsaya ka ji dalilin, don nan daɗin yake. Zafin da kake ji a jikin transista na zuwa ne daga ilektoron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, da ke tafiya ɗai-ɗai suna karo da ƙwayoyin abin da suke ratsawa. A sufakondakta kuwa, wato abin da turjiyarsa ta ɓace irin zaibar nan, sanyi na sa su haɗu bibbiyu, dukkan tagwayen su tafi da taki ɗaya ba mai tare su. Bardeen da Cooper da Schrieffer ne suka warware wannan a 1957.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mahaɗa, wato inda sufakondakta ya haɗu da semikondakta, irin abin da ake yin transista da shi. Masana na ɗaukar zaren semikondakta, sirara ƙwarai har gashin kai ya ninka ta sau ɗaruruwa, su lulluɓe ta da alminiyam, wanda shi ma sufakondakta ne in ya yi sanyi sosai. Ilektoron guda ya zo bakin iyakar alminiyam ɗin daga cikin zaren, ba a shiga sai da abokin tafiya. Sai ya ja wani su shige tare, gurbin da wancan ya bari ya juya baya. Andreev ɗan Rasha ya bayyana haka a 1964. In kuma aka yi wa tagwayen hanya biyu a zobe, suna bin duka biyun a lokaci guda, su haɗu a gaba, ko su ƙarfafa juna ko su kashe juna. Ka ƙara maganaɗisu kaɗan-kaɗan, wutar ta riƙa hawa da sauka. Da wannan ake auna maganaɗisun da ke fita daga ƙwaƙwalwar mutum, ikon Allah!

Duk wannan ba ya fita sarai sai mahaɗar na da tsabta. Ka san yadda dalma ke ƙin kama ƙafar da ta yi tsatsa, haka nan ma. Shi ya sa a 2015 masana a Kofanhegan suka shimfiɗa alminiyam kan zaren tun yana cikin injin da aka zuƙe wa iska, kafin iskar waje ta taɓa shi.