Shin Kiristanci da addinin Hindu tushensu ɗaya ne?

Tambaya: Malam, wani abokin aikina ya ce min Kiristanci da addinin Hindu tushensu ɗaya. Wai duka biyun suna da Allah uku cikin ɗaya, kuma sunan Krishna ne ya koma Kristi. Mece ce gaskiyar wannan magana?

Amsa: Ɗan'uwa, kama da wane ba ta wane. Kristi ya fito ne daga kalmar Girkanci Kristos, wato wanda aka shafa wa mai, ma'anarsu ɗaya da Almasihu. Krishna kuwa, sunan ɗaya daga cikin waɗanda Hindu ke bauta wa, kalmar Sanskirit ce, tsohon harshen Indiya, da ke nufin baƙi ko mai duhun launi. A kunne kawai suka yi kama.

Batun ukun ma haka yake. A wajen Kirista Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, matsayinsu ɗaya, ba a riƙe ɗaya a bar sauran. Wannan aƙida ce da aka tsara a taron shugabannin coci na garin Nikiya a shekarar 325, aka ƙarasa a Kustantiniya a 381. Abin da Hindu ke kira Trimurti kuwa shi ne Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa, da Shiva mai rushewa, amma ba shi ne ginshiƙin addinin ba. Yawancin mabiya sukan riƙi Vishnu, ko Shiva, ko allahiya Devi a matsayin mafi girma. Shi Brahma ma wuraren bautarsa ba su da yawa, wanda ya fi shahara shi ne na Pushkar a jihar Rajasthan.

A ganina, inda suka rabu da gaske shi ne yadda kowa ya ɗauki rayuwa da mutuwa. Kirista ya yi imani cewa Yesu ya zo sau ɗaya, aka gicciye shi a Urushalima zamanin Bilatus, ya tashi daga matattu, kuma kowane mutum sau ɗaya zai mutu, sannan hukunci. A wajen Hindu duniya kewayawa take yi. Littafinsu Bhagavad Gita ya ruwaito Krishna, wanda suke ɗauka Vishnu ne ya sauko a siffar mutum, yana cewa yakan sauko duk zamanin da gaskiya ta yi rauni, shi ya sa ake lissafa wa Vishnu saukowa goma, ciki har da Rama da Krishna. Rai ma yana ta dawowa cikin sabon jiki gwargwadon aikin da ya yi, wato karma, har ranar da zai kuɓuta daga kewayen, abin da suke kira moksha. Saboda haka ko kalmar tsira ba abu ɗaya take nufi a bakinsu ba. Kirista na neman gafarar zunubi da tashin jiki, shi kuwa Hindu fatansa kada a sake haifarsa.

Akwai kamannin da abokinka bai ambata ba, kuma shi ya fi taɓa min zuciya. Hindu suna da tafarkin bhakti, wato miƙa wuya ga Ubangiji cikin ƙauna, wanda malami Ramanuja ya kafa wa hujjoji a kudancin Indiya a ƙarni na 11 zuwa na 12. Daga baya mabiyansa suka kasu biyu. Wasu suka ce bawa kamar ɗan biri ne, uwar ce ke ɗaukarsa amma dole ya riƙe ta da hannunsa. Wasu suka ce a'a, ɗan kyanwa ne, uwar ce ke ɗaukarsa da baki, shi ba ya yin komai. Duk wanda ya san muhawarar Kiristoci kan alherin Allah da ayyukan bawa, wadda ta yi zafi tun da malamin coci Bajamushe Martin Luther ya fito a 1517, zai ji kamar a gidansu ake wannan gardama, alhali ba wanda ya aro ta daga wani.