Amsar Malama kan kayan da yara za su sa ranar gwajin ƙarshe

(Muryar da malamar wasanni ta aiko wa zauren iyaye daren Lahadi, an rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, barkanku da dare, da fatan kowa ya koma gida lafiya duk da ruwan da aka wuni ana yi. Na ga tambayar da Maman Ummi ta ajiye tun bayan la'asar, inda take son sanin ko ranar Alhamis, da za a yi gwajin ƙarshe kafin bikin rufe shekara na ranar Asabar, yara za su sa ainihin kayan wasansu ne, ko kuwa kayan makaranta za su zo da su a adana sababbin sai ranar biki. Na kuma ga Alhaji Baban Sadiku ya goyi bayan a adana, saboda yana gudun kada farar shaddar da aka ɗinka wa yaronsa ta ɓaci tun kafin jama'a su gan ta. Wannan fargabar tana kan hanya, Alhaji, domin kowa ya san yadda aka sha wahala kafin a haɗa kuɗin yadi da na tela a wannan lokaci, kuma ni ma uwa ce.

Duk da haka, roƙona shi ne kowane yaro ya yi gwajin ranar Alhamis da cikakkun kayan da zai fita da su ranar Asabar, tun daga hula ko kallabi har zuwa takalmi. Dalili kuwa shi ne, yaran nan sun riga sun iya abin da za su faɗa da inda za su tsaya, mun shafe mako 6 muna maimaitawa da su a kayan makaranta. Abin da ba mu taɓa gwadawa ba shi ne tufafin. Saboda haka ne ma muka sa gwajin ranar Alhamis maimakon Juma'a, domin idan wando ya yi tsawo, ko zif ya ƙi ja, ko hula ta yi yawa, a samu wunin Juma'a cur a koma wurin tela a gyara.

Ba da ka nake wannan magana ba, na gani da idona bara. Yaron da ya fito a matsayin sarki ya yi duk gwaje-gwajensa da rigar makaranta, sai ranar biki aka sa masa babbar riga da alkyabba aka naɗa masa rawani. Bai taɓa koyon yadda ake tattare hannun babbar riga a ɗora a kafaɗa ba, saboda haka da ya zo hawa matakalar dandamali sai ya taka bakin rigar ya durƙusa, rawanin kuma ya warware ya rufe masa fuska. Yaro ne mai ƙoƙari ƙwarai, ya haddace jawabinsa tsaf, amma kunya ta sa ya kasa furta ko kalma ɗaya, kuma har yau idan na tuna yadda idanunsa suka cika da hawaye a gaban mahaifinsa sai in ji ba daɗi. Laifin ba nasa ba ne, namu ne da ba mu ba shi damar saba wa da kayan ba. Babbar riga da rawani ba tufafin da yaro ɗan shekara 9 da ya taso a Agege yake sawa kullum ba ne, wasu ma sai sallah zuwa sallah suke ganin babbar riga a jikin iyayensu, don haka dole a koya masa tafiya da ita, da zama da ita, da miƙewa.

Yanzu ga yadda za mu kare kayan daga ɓaci, domin a nan ne damuwar Alhaji take. Kada yaro ya fito daga gida sanye da su. Ya zo da kayan makarantarsa a jiki, kayan wasan kuma a ninke su a saka a leda mai kauri, a ɗaure bakinta, sannan a sa cikin jaka. Muna cikin watan Yuli, kun san halin ruwan Legas a wannan wata, kuma wanda zai taso daga Abule-Egba ko Dopemu ko Oko-Oba a cikin danfo ko Keke Napep ya san cewa mota ɗaya ta wuce ta kan kududdufi ta isa ta canza wa farar riga kamanni. Hatta masu shigo jirgin ƙasa daga Agbado su sauka a tashar Agege, akwai sauran tafiyar ƙasa a cikin taɓo kafin su iso. Idan an zo zauren taro, mun ware aji ɗaya na maza da aji ɗaya na mata, malamai maza za su taimaka wa maza, mu kuma mu taimaka wa mata. Za su sa kayan ƙarfe 10 na safe, su cire kafin ƙarfe 12, kuma a tsakanin nan ba mai cin komai, ba mai shan zoɓo ko lemo, ruwa kawai za mu ba su. Sai kowa ya mayar da kayan makarantarsa sannan a buɗe abinci.

Abin da ya fi taɓo ɓata shadda a garin nan shi ne zufa. Zauren da muka kama fanka ce a cikinsa, idan aka ɗauke wuta kuma kafin a tayar da janareta yara sun jiƙe. Don haka kowane yaro namiji ya sa farar singileti ta auduga a ciki, 'yan mata kuma su sa shimi da dogon wando mara nauyi a ƙarƙashin zani. Idan an koma gida, don Allah kada a wanke. Shadda idan ta sha ruwa sitacinta da ƙyallinta sun tafi sai an sake kai ta wurin mai bugu, sannan da irin damshin iskar damina a Legas, kayan da aka shanya daren Alhamis ba lalle su bushe sosai kafin safiyar Asabar ba, sai su tashi da warin ɗanyen wanki. A rataye su a ɗaki a ƙarƙashin fanka su sha iska, ranar Juma'a da yamma a bi su da guga mara zafi sosai ta bayan yadin. Idan wani ɗan wuri ya taɓu, a goge wurin kaɗai da tsumma mai ɗan damshi.

Zan ɗan daɗe a kan takalmi, domin shi ne iyaye suka fi rainawa, kuma shi ya fi ba mu wahala kowace shekara. Sabon takalmi yana cizon ƙafa, yaro kuma ba zai faɗa ba saboda murnar sabon abu, sai an hau dandamali a gan shi yana ɗingishi. Ƙasan zauren tayil ne mai santsi, sabon takalmi kuma ƙasansa sumul yake. Tun daga gobe Litinin a bar yaro ya riƙa sa takalmin a cikin gida na awa ɗaya ko biyu, a kuma ɗan goga ƙasansa a kan siminti ya yi kaushi. 'Yan mata kada a saya musu mai tsini, ko da sun yi kuka, mai faɗi mai maɗauri a baya shi ne daidai. Silifas kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin yana fita daga ƙafa a tsakiyar wasa, yana kuma ƙara a kan tayil har ya danne muryar mai magana. 'Yan rawar Koroso su kaɗai ne za su fita ba takalmi, amma su zo da akayau ɗinsu ranar Alhamis mu ɗaura musu, saboda nauyinsa a ƙafa yana canza taku, kuma idan igiyar tana gurje fata gara mu gani da wuri mu sa tsumma a ƙarƙashi.

Ga 'yan matan da za su fito a shigar Fulani da saƙi da ƙwarya, akwai abu biyu. Na farko, zanin yarinya ƙarama ba ya zama da ɗauri kaɗai idan tana juyi, don haka a roƙi tela ya sa masa igiya ko roba a ƙugu, ko ya mayar da shi siket mai kamar zani. Na biyu shi ne kitso. Yadda ƙwarya da gammo za su zauna a ka ya dogara da irin kitson da ke ƙasa, saboda haka a yi kitson biki ranar Talata ko Laraba, ba ranar Juma'a da dare ba. Sabon kitso yana ja, yarinya takan kwana biyu kanta na ciwo, ba ma so ta hau dandamali tana yamutsa fuska. Haka ma aski ga maza, a yi shi kafin Alhamis. Hular da ta zauna daidai a kan suma, da zarar an yi aski sai ta faɗo har gira, mun sha cusa takarda a cikin hula a bayan dandamali saboda wannan.

Masu karatun Alƙur'ani da masu waƙen yabo, su ma su zo da fararen kayansu. Hijabin 'yan mata ya tsaya a gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan, kada ya kai ƙasa, domin matakala uku ce za su hau kuma hannunsu riƙe da allo, ba za su iya tattare shi ba. A duba fuskar hijabin, idan ta yi faɗi a rage ta da zare da allura, kada a bar wa fil aikin. Ina roƙon iyaye mata da a guji allurar hijabi mai tsini ga ƙananan yara, suna turereniya a layi, wata takan sa ta a baki kafin ta gyara mayafi, kuma haɗarin haɗiye ta gaskiya ne. Idan dole sai an maƙale wani abu, a yi amfani da fil mai rufewa.

Lalle kuwa a bari sai an dawo daga gwaji ranar Alhamis da yamma, don kada ɗanyensa ya shafi fararen kaya, kuma jan lalle dama sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai, kafin Asabar ya yi kyau. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da dayis na rina gashi, ina ba da shawara a bar shi ga yara, domin yana ƙona fatar wasu ya tayar da ƙuraje, wani lokaci ma sai bayan kwanaki abin yake fitowa. Kwalliyar fuska da turare da sarƙoƙi masu tsada ba a buƙatarsu ranar Alhamis, a ajiye su gida. Ɗankunne dai idan mai lilo ne a zo da shi mu gani ko yana kama gyale.

Akwai iyayen da suka yi mini magana a gefe cewa tela bai gama ba tukuna, wasu kuma har yanzu ba a samu halin sayen yadin ankon ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba yaron da za a cire daga wasa saboda tufafi, wannan alkawari ne daga shugabar makaranta. Wanda kayansa ba su iso ba, ya zo da mafi kusa da su a tsawo da nauyi, ko da na wansa ne ko na yayarta, domin abin da muke nema shi ne jiki ya saba. Akwai kuma riguna da huluna da zannuwan saƙi na bara a akwatin makaranta, duk an wanke an goge, mai buƙata ya kira ni kai tsaye, ba sai ya rubuta a zauren iyaye ba. Waɗanda ke jiran tela kuma, ku ce masa Laraba kuke so, kada ku ambaci Asabar. Mai shirin sayen safa ko hijabi ko mazagi ya saya kafin Laraba da yamma, kada ya bari sai safiyar Alhamis, kun san ranar ce ake tsaftar kasuwanni a Legas, shaguna ba sa buɗewa sai ƙarfe 10, lokacin mu kuma mun fara.

Wani abu ƙarami da nake so a kula da shi shi ne rubuta suna. Kayan anko iri ɗaya ne, hulunan ma kusan kamarsu ɗaya, idan yara 40 suka cire a aji guda ba mai iya bambance nasa. A rubuta sunan yaro da biro a wani ɗan farin ƙyalle a ɗinka ta cikin wuyan riga da ƙugun wando, a rubuta a cikin hula, a rubuta a jikin ledar da jakar. Ƙananan 'yan nazare kuma a ƙara musu wando ɗaya na canji a jaka, sannan a tabbatar mazagin wandonsu irin wanda za su iya kwancewa da kansu ne idan fitsari ya matsa, ko a mayar da shi roba.

Maman Ummi, ina fata na amsa tambayarki. Alhaji, idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta da batun farar shaddar ba, ka miƙa mini ledar hannu da hannu a bakin ƙofa ranar Alhamis, ni zan sa wa Sadiku, ni kuma zan cire masa in ninke in mayar maka. Za a buɗe ƙofar zaure ƙarfe 9 na safe, wanda zai bi ta Pen Cinema ya fito da wuri saboda cunkoso, kuma a haɗa wa kowane yaro robar ruwansa. Allah ya kai mu lafiya, ya raya mana su. Wassalamu alaikum.